Sharhi: Gyaran Raunin Zuciya da Ƙwayar Gado, Abin da Gwaji Kan Aladu Ya Nuna

Masu saurare, assalamu alaikum. A duk bugun zuciya, sinadarin kalsiyam yakan kwarara cikin ƙwayoyin tsokarta su matse, sannan wani furotin mai suna SERCA2a ya kwashe shi ya mayar ma'ajiya domin tsokar ta saki. In wannan famfo ya yi ƙaranci, zuciya ba ta matsewa da ƙarfi. Ruwa sai ya taru a huhu, ƙafafu su kumbura, mutum ya kasa barci sai ya tada kai da matashi biyu ko uku.

Masu bincike sun ɗora ƙwayar gadon wannan furotin a kan wani bairos da ake kira AAV, domin ya kai ta cikin ƙwayoyin tsoka, suka zuba ta jijiyoyin zuciyar aladu masu raunin zuciya, zuciyar kuwa ta farfaɗo. Amma da aka gwada a kan mutane 250 a gwajin CUPID 2, sakamakon 2015 ya nuna maganin bai rage kwanciya asibiti ba. Da aka duba tsokar zuciyar wasu daga cikinsu, an tarar ɗan kaɗan ne daga maganin ya shiga. Jini yakan wuce da bairos ɗin cikin daƙiƙu, hanta ta kwashe kaso mai yawa.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne binciken tawagar Mauro Giacca a Italiya, wanda mujallar Nature ta buga a 2019. An toshe wa aladu jijiyar zuciya, aka yi musu allurar wata ƙwayar gado mai suna miR-199a kai tsaye cikin tsokar zuciyar, domin ƙwayoyin tsokar su sake rarrabuwa. Bayan wata guda tabon ya ragu, zuciya ta ƙara ƙarfi. Zuwa mako na bakwai da na takwas, yawancin aladun suka mutu farat ɗaya saboda rikicewar bugun zuciya. Ƙwayar gadon ba ta da makashi, ta ci gaba da aiki, ƙwayoyin tsoka suna ta rarrabuwa ba tare da sun ƙosa ba.

Da a wata guda aka rufe binciken, da an yi shelar nasara. Shi ya sa muke ganin wajibi ne a bi dabbar gwaji watanni, kuma a yi shi kan alade, wanda zuciyarsa ta kusa ta mutum a girma, ba kan ɓera ba, tunda tasa tana bugawa kusan sau 600 a minti ɗaya.