Ɓeran Masar na haki: mura ce ko zuciya?

Ku ɗauka kuna kallon gefen cikin wani ɓeran Masar da kyau. A kwance yake, ba gudu ya yi ba, amma cikin na hawa da sauka kamar wanda aka biyo. Ku kasa kunne kuma. Kun ji wani ɗan sauti can ƙasa-ƙasa, kamar kukan kurciya? Kusan duk wanda ya ga haka abu ɗaya yake cewa: mura ce, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta. To, a nan ne ake yin kuskuren.

Wani lokaci murar ce kuwa, don ciwon huhu na yawan kama su. Amma ku bi wannan bayanin. Aikin zuciya shi ne tura jini. Idan tsokarta ta saki, ta buɗe kamar tsohuwar jaka, ko ta yi kauri fiye da kima, sai jini ya riƙa taruwa a baya, ruwa ya tsatso cikin huhu ko kewayensa. Wani kuma ruwan a cikin jakar da ta lulluɓe zuciyar yake taruwa, ya matse ta. Daga waje me za ku gani? Haki, kasala, rama, ƙin cin abinci. Sak alamun ciwon huhu. Ido ba ya raba su.

Za ku ce ai likita zai saurari ƙirjinsa. Zai saurara. Amma ku duba saurin bugun. Zuciyar babban mutum a zaune tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. Ta ɓeran Masar tana haura 230, ta kan wuce 300 idan ya tsorata, kuma a kan teburin likita a tsorace yake. Bugu huɗu ko biyar ke nan a daƙiƙa guda, a jikin dabbar da nauyinta bai fi kilo ɗaya da 'yan kai ba. Ko ƙwararren likitan dabbobi kunnensa na iya tsallake matsalar.

Shi ya sa ake buƙatar hoton ƙirji. Ku ɗauka ga hotuna biyu gefe da gefe, na lafiyayye a hagu, na mai ciwon zuciya a dama. A na hagu, zuciya na zaune daidai, huhu baƙi wuluk saboda iska ta cika shi. A na dama, zuciyar ta kumbura ta cinye wuri, har ta tura maƙogwaro sama, huhun kuma ya yi fari-fari kamar hazo. Bayan wannan sai sikanin ɗin zuciya, wanda ke nuna ta tana motsi: kaurin bangonta, ƙarfin matsawarta, da ko ruwa ya kewaye ta. Shi ke bayyana nau'in ciwon.

Ni a ganina, duk ɓeran da ya shanye magani aka ga sauƙi kaɗan, haki ya dawo, aka sake wani ya sake dawowa, musamman idan ya fara manyanta, to hoto ya kamata a yi kafin a buɗe kwalba ta uku. Kuma don Allah kada ku ɗauko ragowar magani a gida. Dangin fenisilin, irin su amoxicillin, suna kashe ƙwayoyin da ke taimaka masa a hanji, kuma hakan kaɗai na iya ajalinsa.

Idan numfashin ya yi tsanani, likita zai fara sa shi a akwatin iskar oksijin tukuna. Danne dabbar da ke fafutukar numfashi don ɗaukar hoto haɗari ne, saboda haka kada ku ga kamar ana ɓata lokaci.

Magani kuwa, a gurguje. Furosemide yana fitar da ruwa ta fitsari. Benazepril ko enalapril suna sassauta jijiyoyin jini don zuciya ta samu sauƙi. Pimobendan yana ƙara mata ƙarfin matsawa. Ruwan da ya taru da yawa ana zuƙe shi da allura. Likita ne ke auna adadin bisa nauyin dabbar, ya riƙa duba ƙoda. Ba warkewa ake yi ba, lallaɓawa ce ta tsawon rai, amma da yawansu suna komawa su ci gaba da ihunsu na neman ganye da zarar sun ji motsin leda. 

A gida, ku ɗora shi a sikeli duk mako ku rubuta. Ku tabbatar yana ci yana kashi, don hanjinsa ba ya jure zama babu abinci. Kada ya rasa bitamin C, jikinsa ba ya haɗa shi da kansa. Ku nisanta shi da zafi. Lokacin da yake hutawa ku ƙirga numfashinsa na daƙiƙa 15 ku ninka sau huɗu, ku san adadinsa na yau da kullum.

Ta hanci kaɗai ɓeran Masar ke numfashi. Idan kuka ga ya buɗe baki yana jan iska, ko dasashinsa ya yi fari ko shuɗi-shuɗi, kada ku jira gari ya waye. Ku ɗauki bidiyon numfashin a waya idan da hali, ku nuna wa likita, ku tambaye shi batun hoton ƙirji.