Jawabin Maraba ga Farfesa Masanin Ƙwayoyin Halittar Tsirrai, daga Masu Samar da Irin Wake da Malaman Gona

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Hakimi, Sarkin Noma, iyayenmu mata, 'yan uwa manoma, muna yi muku barka da zuwa. Babban baƙonmu, Farfesa, ranka ya daɗe, sannu da hanya.

Jama'a, wannan bawan Allah yana cikin masanan da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a kan wake. Duk wanda ya noma wake ya san tsutsar maruka: malam-buɗe-littafin dare ya saka ƙwai a jikin fure, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta shige ciki, ta huda kwanso, ta bar kashinta da yana a bakin ramin. Da ta shige, magani ba ya iskar ta sosai. Shi ya sa manomi kan yi feshi sau shida har takwas, kuma a mummunar shekara asara kan kai kashi 80 cikin 100.

An binciki dubban ire-iren wake a IITA, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, ba a samu mai jure mata yadda ya kamata ba. Barbara kaɗai ba za ta yi ba. Sai aka ɗauko ƙwayar halitta mai suna cry1Ab daga wata ƙwayar bakteriya da ke cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis. Sinadarin da take sa shuka ta yi, idan tsutsar ta ci, yakan huda mata hanji ta daina ci ta mutu. Shigar da wannan ƙwayar halitta cikin wake shi ne jan aiki, domin wake yana da taurin kai a ɗakin gwaji: a yanki ɗan tsiro, a haɗa shi da wata bakteriya daban da za ta kai ƙwayar halittar cikinsa, a rene shi a kwalba, mafi yawa su ƙi tohowa. Dokta T. J. Higgins da mutanensa ne suka ci nasarar wannan a CSIRO, hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya. A Samaru kuma, Cibiyar Binciken Aikin Gona (IAR) ta Jami'ar Ahmadu Bello, da Farfesa Mohammad Ishiyaku a matsayin jagoran aikin, ta fara gwaji a killatacciyar gona a 2009, ta yi ta barbara da irin waken da ake kira SAMPEA 10 domin a samu farin waken da kasuwa ke so. A Disambar 2019 aka saki sabon irin, SAMPEA 20-T.

Ranka ya daɗe, mun gani a gona, feshi ya koma biyu. To amma tunda ka zo, ba za mu ɓoye maka abin da ke damunmu ba.

Wasu manoman sun ɗauka wannan wake ba ya son feshi sam. Kuskure ne babba. Maruka kaɗai yake kashewa. Darɓa, da ƙananan ƙwarin da ke zubar da fure, da masu tsotse kwanso, suna nan daram. Feshin farko idan ya fara fure, na biyu idan kwanso ya fara cika. Wanda ya tsallake su sai ya ga kwanso a shanye, ya ɗora laifi a kan iri. Haka ƙwaron rumbu, shi ma sai dai buhun PICS, wato buhun ajiya mai hana iska shiga, mai ledoji biyu a ciki, a busar da waken sosai, a ɗaure kowace leda daban.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne gurɓataccen iri. Ido ba ya bambance 20-T da sauran farin wake. A masussuka yake cakuɗewa, wasu kuma da gangan suke zuba na kasuwa a leda mai tambari. Muna roƙon a samar wa malaman gona 'yan tsinkayen gwajin nan da ake tsomawa cikin niƙaƙƙen iri ko ganye, a ga layi cikin mintuna kaɗan idan irin na gaske ne.

Sai tambaya ɗaya. Kariyar ƙwayar halitta guda ce, tsutsa kuwa tana iya sabawa da ita idan aka daɗe. Muna so ka bayyana mana inda aka kwana kan ƙara ta biyu, da irin waken gargajiyar da ya kamata mu riƙa bari a kusa kafin nan, don kada tsutsar ta saba da wuri.

Bayan azahar za mu zagaya da kai gonar gwaji. Yanzu dai fili naka ne, Farfesa. Bismillah.