Wa ke riƙe da jirgin? Hira kan baƙi da ƙauyuka

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Habu da Aminu, za mu taɓa zancen ƙauyukan duniya da suka buɗe ƙofa ga 'yan yawon buɗe ido. Aminu, kai ka kawo maganar.

Aminu: Ni ne, Yaya Zainab. Tun 2021 hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya take zaɓar ƙauyukan da suka yi fice. A karon farko 44 aka zaɓa daga ƙasashe 32, ciki har da Wonci a Habasha da Nkotsi a Ruwanda. Abin da ya burge ni shi ne baƙo ya sauka a gidan manomi, ya ci abin da aka girka, kuɗin ya shiga aljihun mai gida, samari kuma su samu dalilin zama a garinsu.

Malam Habu: In ya shiga ɗin ke nan. Ka san tsibirin Takile?

Aminu: A'a, Malam.

Malam Habu: Yana tsakiyar tafkin Titikaka a ƙasar Peru. Can maza ne ke saƙar hula, za ka ga dattijo yana tafe yana saƙa, kuma da launin hular ake gane mai aure da saurayi. A shekarun 1970 baƙi suka fara zuwa. Mutanen tsibirin suka haɗa kuɗi, gida-gida, suka mallaki jiragen ruwa nasu. Su ke ɗauko baƙo daga birnin Puno, su ke raba masauki bi da bi don kada gida ɗaya ya kwashe, kayan saƙa kuma a shagon haɗin gwiwa ake sayarwa.

Zainab: To ai wannan shi ne abin da ake nema.

Malam Habu: Shi ne, har zuwa lokacin da kamfanonin birni suka shigo da jirage masu gudu. Baƙo ya biya kuɗinsa tun a Puno, a kawo shi da hantsi, ya ɗauki hoto, ya ci abinci, kafin la'asar ya juya. Kwana ya ragu. A 2005 UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karrama saƙarsu, suna ya ƙaru, amma kaso mai tsoka yana tsayawa a bakin gaɓa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan labarin yana taɓa ni ƙwarai, domin ba lalaci suka yi ba, jirgin ne ya suɓuce musu.

Aminu: Amma Malam, akwai waɗanda suka riƙe nasu gam. A Namibiya dokar 1996 ta ba al'ummomin karkara iko a kan namun dajin yankinsu, har suna ƙulla yarjejeniya da masu otal a ba su kaso da ayyukan yi.

Malam Habu: Ka faɗi gaskiya. Can doka ce ta tsaya musu.

Zainab: Ni Ogimaci ta Japan ce ta tsaya mini a rai. Gidajensu na jinka ne, masu tsini sosai saboda dusar ƙanƙara ta riƙa zamewa. A 1971, da suka ga ana watsewa ana sayar da tsofaffin gidaje, sai suka yi alkawari uku a tsakaninsu: ba sayarwa, ba bayar da haya, ba rushewa. Shekara 24 bayan nan UNESCO ta sa ƙauyen cikin kayan tarihin duniya. Kuma in jinka ta tsufa, aikin gayya ake kira. Mutum sama da ɗari, wasu a ƙasa suna miƙa dammunan ciyawa, wasu a sama suna ɗaurewa da igiya.

Aminu: Wato alkawarin ya riga cincirindon baƙi zuwa.

Zainab: Ya riga shi. Duk da haka yanzu su ma suna fama da cunkoso.

Malam Habu: Cunkoso kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Halstat a Ostiriya mutanenta ba su kai 800 ba, amma akwai ranar da baƙi ke kai 10,000. A watan Agustan 2023 sai da mazauna suka fito suka tare hanyar shiga garin. Kuɗi na shigowa, amma mutum ya buɗe tagarsa ya tarar da kyamara a fuskarsa.

Aminu: To Malam, ni da zan je irin wannan wuri, me zan yi?

Malam Habu: Ka tambayi mai jirgin ko ɗan ina ne kafin ka biya. In ka isa Takile kuma, ka kwana.