Laccar Malam kan furotin ɗin da ke wajen ƙwayar halitta

Toh jama'a mu ci gaba, na baya kuna jina? Madalla.

Duk wanda ya taɓa dafa ƙafar saniya ya bar romon ya huce ya ga ya daskare, to ya ga kolajin da idonsa. Kolajin ɗin nan kusan kashi ɗaya cikin uku ne na duk furotin ɗin jikinmu, iri 28 ne a mutum, kuma a wajen ƙwayoyin halitta yake zaune, shi da su elastin da laminin da faibronektin, su ke riƙe nama da fata da ƙashi. A 2012 Richard Hynes da Alexandra Naba a MIT ta Amurka suka jero wannan rukuni, ainihin furotin ɗin da suka gina shi kusan 300.

Wahalar nazarinsu ita ce basa narkewa, sun sarƙe da juna, dole sai ka wanke ƙwayoyin tas, ka jiƙa abinda ya rage a yuriya, sinadarin da ke warware furotin, ka sa tirifsin, wani furotin mai yanka furotin, ya daddatsa shi sannan ka kai wa injin da ke auna nauyin gutsattsarin ya faɗa maka sunan kowane furotin.

Sai 'yan ƙunshin da ƙwayar ke tofowa waje, eksosom, nanomita 30 zuwa 150 ne girmansu, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. A 1983 aka gano su a jajayen ƙwayoyin jini masu tasowa, ɗakin binciken Rose Johnstone a Kanada da na Philip Stahl a Amurka, an ɗauka shara ce ƙwayar ke zubarwa, sai a 2007 masu bincike a Suwidin suka nuna ashe suna kai RNA, wato saƙon yadda ake ƙera furotin, daga wannan ƙwaya zuwa waccan. A 2015 kuma ƙungiyar David Lyden ta nuna cewa integirin, furotin mai maƙalewa da ke jikin eksosom na cutar kansa ta waje, yana da hannu wajen zaɓar inda cutar zata sauka, huhu ko hanta. Wannan abin yana taɓa ni sosai wallahi, saboda yaɗuwar ce ke kashe mafi yawan masu kansa.

Amma ɗalibaina ku saurara da kyau, injin duk abinda ka zuba masa shi zai karanta. Jini cike yake da furotin ɗin albumin da ƙunshin kitse, ko ka juya samfur a injin juyi da ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau 100,000 don ware eksosom sai sun biyo ka. Don haka kafin ka rubuta ka samu eksosom ka nuna mana furotin ɗin da ake gane su da su, CD9 da CD63 da CD81, ka nuna hotonsu a madubin ilektiron, ka kuma auna albumin nawa ya saura a ciki.