Digirin MBA Ga Mai Aiki: Kuɗin Da Ke Kan Talla Da Kuɗin Da Za Ka Kashe

[Hoto: wayar hannu, ana zazzaga tallace-tallacen makarantu a WhatsApp]

Tun da aka fara sayar da fom na karatun gaba da digiri a bana, tambaya ɗaya ce ta fi yawa a saƙonnin da kuke aiko mana, wato wace jami'a ce ta fi araha ga ma'aikacin da yake son yin digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wanda aka fi sani da MBA, ba tare da ya ajiye aikinsa ba. Kusan duk wanda ya yi tambayar yakan haɗo da hoton talla guda biyu ko uku, ya zagaye adadin kuɗin da ja, yana jiran mu nuna masa mafi ƙanƙanta. A wannan zagayen ne ake yin kuskuren, kuma a kansa za mu daɗe.

Bari mu wuce sharuɗɗan shiga da sauri, domin suna nan a kan allo. Yawancin jami'o'in Nijeriya suna neman kiredit biyar na sakandare har da Turanci da Lissafi, da digiri na farko mai daraja ta biyu, da takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa, wasu kuma su ƙara da shekarun gogewa a wurin aiki. Hanyoyin karatun ma ba su da wuyar ganewa. Akwai na ƙarshen mako, irin wanda ake yi a makarantun kasuwanci na jami'o'i kamar ta Dangote da ke Jami'ar Bayero a Kano. Akwai na nesa ta intanet, kamar na Cibiyar Karatu Daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da na buɗaɗɗiyar jami'ar Nijeriya, wato NOUN, mai cibiyoyi a jihohin ƙasar nan. Sai kuma na manyan jami'an kamfanoni, irin na Lagos Business School, wanda mai neman araha zai iya kallonsa daga nesa ya yi masa fatan alheri.

[Hoto: takarda fara da biro, hannu yana ja layi ya raba ta gida biyu]

Adadin da ke kan talla sau da yawa kuɗin zango ɗaya ne ko na shekara ɗaya, alhali karatun da ake haɗawa da aiki yakan ɗauki zango huɗu ko fiye. Saboda haka abu na farko da za ka tambaya a ofishin makarantar gaba da digiri shi ne, kuɗin nan na wane tsawon lokaci ne, kuma zango nawa ne mafi ƙaranci kafin a kammala.

Ga misali da alƙaluman da muka ƙirƙira don lissafi kawai, ba na wata makaranta ba ne. Ma'aikaci ne a Gusau, yana da talla biyu a hannu. Makaranta ta farko tana wani gari mai nisa, tana karɓar naira 250,000 a zango. Ta biyu tana karɓar naira 400,000 a zango, amma ana ɗaukar darasinta ta intanet daga ɗakinsa. Idan ido ne zai yi zaɓi, ta farko zai ɗauka. A zango huɗu kuɗinta ya kama naira 1,000,000, na ta biyu kuwa naira 1,600,000.

Yanzu ku lura da layin da hannun yake ƙarawa a ƙasa. Ta farko tana buƙatar ya halarci aji ranakun Juma'a da yamma da Asabar. Mu ɗauka mako 12 ne a zango, kuma kowace tafiya, da kuɗin mota zuwa da dawowa da masauki da abinci, tana cin naira 20,000. Tafiya 48 ke nan, wato naira 960,000. Makarantar da aka zagaye da ja ta koma naira 1,960,000, ta zarce mai tsadar da naira 360,000, kuma ba mu lissafa gajiyar hanya ba, ba mu lissafa ɗaurin aure da sunan da zai riƙa aika uzuri a kansu har shekara biyu ba. Ita ma ta biyu tana da nata ƙarin, domin data da wutar lantarki ko man janareto ba kyauta ba ne, kuma akwai jarrabawar da sai mutum ya je cibiya da ƙafarsa. Waɗannan ma a rubuta su, a ga inda ma'aunin ya rinjaya.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan layi na sufuri ya daina zama ƙaramin abu. Wanda ya yi MBA shekara biyar da suka wuce, idan ya ba ka shawara da lissafin zamaninsa, ka karɓa da ladabi, sannan ka je tasha ka tambayi kuɗin mota na yau.

[Hoto: takardar ta cika rabi, ana juya ta]

Akwai kuma kuɗaɗen da talla ba ta ambatonsu ko kaɗan: kuɗin fom, kuɗin karɓar gurbi, kuɗin aiko da cikakken sakamakonka daga tsohuwar makarantarka, kuɗin jarrabawa, da kuɗin kundin bincike na ƙarshe da buga shi da ɗinke shi. Ni da kaina na taɓa jiran cikakken sakamakona wata huɗu daga wata jami'a, na yi tafiya uku a kansa, kuma abin da na kashe a tafiyar ya ninka kuɗin takardar sau da yawa. Don haka nake ganin wannan takarda ita ce ya kamata a fara nema, tun kafin a sayi fom.

Layi mafi nauyi kuwa shi ne na masu babbar difloma ta HND da masu digiri mai daraja ta uku. A mafi yawan jami'o'in ƙasar nan ba a ba su gurbin MBA kai tsaye, sai sun fara yin difloma ta gaba da digiri, wato PGD, wadda takan ɗauki shekara guda ko fiye da nata kuɗin makaranta da nata zirga-zirgar. Mai HND da ya tanadi kuɗin zango huɗu, a haƙiƙa zango shida ne a gabansa. Mutane da yawa ba sa jin wannan sai ranar tantance takardu, bayan sun riga sun biya kuɗin fom da ba a mayarwa.

Sannan lokaci kansa kuɗi ne. Idan aiki ya hana ka zana jarrabawa ɗaya, ko mai duba kundinka ya yi doguwar tafiya, sabon zango zai shigo kuma za a nemi sabon kuɗin rajista. A shekarar 2022 yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Shawarata ita ce a ƙara zango ɗaya a cikin lissafin tun farko. In an gama a kan lokaci, rarar ta zama ta walima.

[Hoto: allon canjin kuɗi a kasuwar 'yan canji]

Tallan makarantun ƙasashen waje da ke koyarwa ta intanet yana da nasa tarkon. Farashinsu da dala ko fam yake, albashinka kuwa da naira. A farkon 2023 dala ɗaya a farashin hukuma ba ta kai naira 500 ba, amma a cikin 2024 ta haura naira 1,500. Wanda ya shiga karatu yana biya kashi-kashi a wancan tsakanin ya ga kuɗin makarantarsa ya ninka sau uku ba tare da makarantar ta ƙara ko sisi ba.

Duk wannan lissafi ba shi da amfani idan takardar digirin ba za ta karɓu ba. Ku tuna a ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya nuna yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A cikin gida, a duba sunan jami'ar a shafin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, sannan a tambaya ko an amince mata ta gudanar da wannan kwas ta hanyar karatu daga nesa, domin amincewa da jami'a daban, izinin karatun nesa daban. Wanda kuma burinsa ya koyar a jami'a ko ya yi digirin digirgir, ya sani cewa jami'o'i da dama suna ɗaukar MBA a matsayin digirin ƙwarewar aiki, digiri na biyu na bincike, wato MSc, suke nema.

[Hoto: fayil a kan teburin ofis, ana buga hatimi]

Saura layi ɗaya, kuma shi ba ya cin ko kwabo. Ma'aikacin gwamnati ya rubuta takardar neman izinin ƙaro ilimi, ya jira amsa a rubuce kafin ya biya kuɗin zangon farko, domin akwai ma'aikatun da ba sa saka takardar da aka samo ba da izini ba cikin fayil idan lokacin ƙarin girma ya zo. Ma'aikacin banki ko kamfani kuma ya leƙa sashen kula da ma'aikata ya tambaya ko suna mayar da wani kaso na kuɗin karatu, kuma shekara nawa za su ɗaure shi da aiki idan sun biya. Kwafin amsar ya shiga fayil ɗinsa na ofis, asalin kuma ya tafi da shi gida.