Zaɓen Allah da Amsar Mutum

Iyayena maza da mata, shugabannin ikkilisiya, 'yan'uwa matasa, barkanmu da yamma. Na gode da kuka jure wannan sanyin na Wusasa kuka fito.

Tambayar da za mu duba ita ce wannan. Mutum biyu sun zauna a benci ɗaya, sun ji wa'azi ɗaya. Ɗaya ya tuba ya ba da gaskiya ga Almasihu, ɗayan ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya tafi. Me ya raba su? Allah ne ya zaɓi ɗaya tun kafin a kafa duniya, ko kuwa ɗayan ne ya ƙi abin da aka miƙa musu su biyun?

Kowane ɓangare da ayoyinsa, kuma duk daga Littafi Mai Tsarki ɗaya suke. Afisawa 1:4 ta ce ya zaɓe mu cikin Almasihu tun ba a halicci duniya ba. A Yahaya 6:44 Yesu ya ce ba mai iya zuwa wurinsa sai Uba ya jawo shi. Romawa 9 ta kawo Yakubu da Isuwa, waɗanda aka bambanta tun suna ciki, ba su yi alheri ko mugunta ba tukuna. Sai ka juya shafi ka tarar da 1 Timoti 2:4, cewa Allah yana so dukan mutane su sami ceto. Ka tarar da Yesu a Matiyu 23:37 yana makoki a kan Urushalima: sau nawa na so in tattara 'ya'yanki, amma kun ƙi. Duk wanda ya ce muku abokin gardamarsa bai karanta Littafi ba, ku ja shi a hankali. Ya karanta, inda ya ɗora nauyi ne ya bambanta.

A nan Afirka aka fara zafafa maganar. Agustin, bishop na Hifo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya rubuta addu'a yana ce wa Allah: ba ni abin da ka umarta, sa'an nan ka umarci abin da ka ga dama. Wani malami daga Birtaniya mai suna Felajiyus, da ke zaune a Roma, ya ji wannan addu'a ransa ya ɓaci. Kada mu raina shi. Ya ga Kiristocin Roma suna sheƙe ayarsu suna fakewa da cewa su mutane ne masu rauni, shi kuwa yana ganin idan Allah ya ba da umarni, to mutum na da ikon cikawa. Agustin ya amsa cewa zunubi ya riga ya ɗaure nufin mutum, har son tuban ma sai alheri ya sa shi a zuciya. Taron bishop-bishop a Kartej, cikin Tunisiya ta yau, na shekarar 418 ya ƙi koyarwar Felajiyus. A 529 wani taro a Oranj, cikin Faransa ta yau, ya tabbatar cewa alheri ne ke farawa, amma ya la'anci cewa Allah ya ƙaddara wa wani aikata mugunta. Ku riƙe wannan taron, domin nan ne ni ma na kafa ƙafata.

A zamanin gyaran ikkilisiya maganar ta sake tashi. Irasmus ya kare 'yancin nufin mutum a 1524, Matin Luta ya mayar masa da martani a 1525 cewa nufin nan bawa ne. Kalbin na Jeniba ya kai zancen ƙarshensa: Allah ya ƙaddara wasu ga rai, wasu ga hallaka. Shi kansa ya amsa cewa hukunci ne mai ban tsoro, amma ya ce abin da ya gani a rubuce ke nan.

Arminiyus malamin tauhidi ne a jami'ar Laiden ta ƙasar Holan, kuma a Jeniba ya yi karatu, a hannun Beza magajin Kalbin. Ɗan gida ne, ba baƙo ba. Ya rasu a 1609, shekara ta zagayo almajiransa suka miƙa wa hukuma takarda mai batu 5. Abin da ɗalibai ke yawan mantawa shi ne, su ma sun ce mutum ba ya iya yin komai na kirki sai da alheri. Inda suka rabu da Kalbiniyawa: suna cewa Allah ya zaɓi waɗanda ya san za su ba da gaskiya, Almasihu ya mutu domin kowa, kuma mutum na iya bijire wa alherin. Taron ikkilisiya da aka yi a garin Dot na Holan, daga 1618 zuwa 1619, ya ƙi wannan. Aka tuɓe limamai wajen 200. Siyasa kuma ta shiga ciki, har aka fille kan dattijon ƙasa Oldenbanebel, mai shekara 71, wanda ya tsaya musu. Abin kunya ne a ce gardama a kan alheri ta ƙare da takobi, kuma ba zan yi masa kwalliya ba. Amma don adalci, taron nan ɗin ne ya rubuta cewa dole a yi shelar alkawarin bishara ga dukan al'ummai da dukan mutane ba bambanci.

Katolika ma sun yi tasu, tsakanin ƙungiyoyin limamansu biyu, Dominikawa da Jesuwit, sai a 1607 Fafaroma Bulus na 5 ya rufe zaman bai ba kowa gaskiya ba, ya hana su kiran juna 'yan bidi'a.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Jon Wesli da Joj Witfil a Ingila. Abokai ne, tare suke wa'azi a fili ga talakawa da masu haƙar kwal. A 1739 Wesli ya yi wa'azi mai zafi yana sukar koyarwar ƙaddara, Witfil ya ba shi amsa a rubuce, mabiyansu suka rabu biyu. Ba wanda ya sauya ra'ayi har mutuwa. Amma da Witfil ya rasu a 1770, Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan, bisa ga roƙon mamacin.

Duk wannan gadon ya iso mana. Tibi na ikkilisiyar NKST da 'yan'uwanmu na ikkilisiyar CRCN a Takum da Wukari sun gaji layin Kalbin. Metodis sun gaji Wesli, yawancin majami'un Fentikos ma can suka karkata. Angilika, waɗanda Dokta Mila da ƙungiyarsu ta mishan, wato CMS, suka kawo Zariya, suna da Sharuɗɗa 39 na bangaskiya, kuma na 17 a kan wannan batu yake. Ya ce zaɓen Allah ta'aziyya ce mai daɗi ga masu bi, amma rami ne mai hatsari ga mai bin ƙwaƙwaf da son jiki, domin yana iya jefa shi cikin fid da zuciya ko lalata. Bai ce uffan a kan ƙaddara wa wani hallaka ba. Ina ganin shirun nan hikima ne. Ina tare da Agustin cewa ba wanda zai tsaya gaban Allah ya ce wayona ne ya cece ni. Amma ban iya bin Kalbin zuwa cewa an halicci wani domin wuta, alhali Ezekiyel 33:11 ta ce Ubangiji ba ya jin daɗin mutuwar mugu.

Damuwata a ƙasar nan ma ba Kalbin ba ce. Mu mutane ne da muka tashi da maganar ƙaddara a baki. Ƙaddara ta riga fata, in ji mu. Maƙwabtanmu Musulmi sun yi nasu dogon bahasi tsakanin makarantun tauhidi na Jabariyya da Ƙadariyya da Ash'ariyya, kuma malamansu ba su yarda a jingina wa Allah laifin bawa ba. Amma a bakin titi, Kirista da Musulmi, magana ɗaya muke yi. Direba ya yi gudun wuce sa'a a hanyar Kaduna da tayoyi sun cinye, mutane sun mutu, sai a ce kwana ne ya ƙare. Uwa tana kuka a kan ɗanta da ƙwaya ta kama, wani ya ce mata, Mama, in zaɓaɓɓe ne zai dawo, in ba shi ba ne kada ki wahalar da kanki. Wannan ba koyarwar Agustin ba ce, ba ta Kalbin ba ce. Agustin kansa, uwarsa Monika ta yi shekaru tana zubar da hawaye a kansa kafin ya tuba.

Ku buɗe Ayyukan Manzanni 27. Jirgin ruwa ɗauke da mutum 276 ya shiga hadari, kwana 14 ba sauƙi. Manzo Bulus ya tashi ya ce mala'ika ya faɗa masa ba ran da zai salwanta. Alkawari ne tabbatacce daga Allah. Can da dare matuƙan suka fara saukar da ƙaramin kwalekwale za su gudu. Bulus bai ce ku ƙyale su, ai an riga an rubuta ba. Ya ce wa jarumin da ke tsare da shi da sojojinsa, in mutanen nan ba su zauna cikin jirgin ba, ba za ku tsira ba. Sojoji suka yanke igiyoyin. Ya sa kowa ya ci abinci don ya sami ƙarfi. Da jirgin ya farfashe, masu iya iyo suka yi iyo, sauran suka kama katakai, duka suka kai gaci a Malta. Alkawarin da ke aya ta 24 da gargaɗin da ke aya ta 31 daga baki ɗaya suka fito, kuma Luka, marubucin littafin, bai tsaya ya sulhunta su ba.

Na ga shugaban taro yana nuna mini agogo. Kafin zama na gaba, ku karanta Romawa 9 da 10 da 11 a zaune ɗaya, kada ku tsaya a ta 9, domin Bulus ɗin da ya yi maganar maginin tukwane da yumɓu shi ne ya tambaya a sura ta 10 yadda za su ji in ba mai wa'azi. Masu tambaya ku ɗaga hannu, za mu fara daga ɓangaren iyaye mata.