Kuɗin haya ba ya zuwa bagatatan: riƙe lissafin gida a Legas

Assalamu alaikum jama'a. Yau maganarmu kan lissafin gida ce, musamman ga ɗan Arewa da ke nema a Legas, ko a Agege yake, ko Idi-Araba, ko Mile 12, yana kuma fatan wata rana ya tsaya da ƙafarsa, ba sai an jira cinikin yau kafin a ɗora tukunya ba.

Kowa ya san yadda al'amura suka juya tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Kuɗin danfo, wato bas ɗin haya na Legas, ya tashi, mudun shinkafa ya bi shi. Zuwa Disambar 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A 2024 gwamnatin Legas ta kai mafi ƙarancin albashi naira 85,000, amma mai shayi da mai tura baro ba sa cikin wannan rabo.

Duk da haka, ba cefane ne ke karya magidanci a garin nan ba. Cefane kullum kana ganinsa, idan ya yi tsada ka rage nama, ka ƙara wake. Abin da ke kayar da mutum shi ne manyan kuɗaɗen da ya san ranar zuwansu sarai, amma yake yi kamar bai sani ba, irin su haya da kuɗin makarantar yara da tafiya gida da Sallah.

Mu ɗauki haya. A Legas ta shekara ake biya, dunƙule. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, sai dai shekara ɗayar ma ba wasa ba ce, ga la'adar dillali, ga kuɗin yarjejeniya. A ce ɗakinka naira 600,000 ne. Idan ka bari sai saura mako biyu, dole ka ci bashi ko ka taɓa jari. Idan kuwa ka raba shi, 50,000 ne a wata, wato kusan 1,650 a rana. To Malam, wannan 1,650 ɗin ba taka ba ce. Da ka tashi kasuwa, cire ta tukuna, kafin tsire, kafin katin waya. Haka za ka yi wa kuɗin mota zuwa Kano ko Sakkwato, wanda kowa ya san yana hawa idan Sallah ta ƙarato.

Sai maganar aljihu. Ɗan kasuwa da yawa aljihu ɗaya gare shi: nan uwar kuɗi take, nan riba, nan ake zarar kuɗin cefane. Mai sayar da tumatir a Mile 12 zai iya wata guda yana cin jarinsa bai sani ba, don kuɗi na ta shiga suna fita. Ka yanka wa kanka albashi, kamar kai yaron shagon ne. Gida ya ci daga wannan albashi kawai. Kuma uwargida ta san adadin, don ita ke riƙe da tukunya, ita ta san ranar da gas zai ƙare.

Aike gida kuwa magana ce mai nauyi, ba wanda zai ce ka hana iyaye. Amma akwai bambanci tsakanin haƙƙin Baba da Inna da kiran da ke shigowa kullum daga wanda ya ɗauka duk mazaunin Legas a kan kuɗi yake kwana. Ware adadi a wata, na iyaye daban, na taimako daban. Idan na taimakon ya ƙare, "sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu" ba rashin zumunci ba ne.

Abin da ya rage bayan wannan duka, shi ne tubalin tsayawa da ƙafa. Ina za a ajiye shi? Adashe na da amfani don yana tilasta maka, amma 100,000 ɗin da ka kwasa a ƙarshen zagaye ba ta sayen abin da take saya a farkonsa. Ya fi dacewa da kuɗin da ke da ranar fita, kamar haya. Na dogon zango, mai gudun kuɗin ruwa yana da bankuna irin Jaiz da TAJ da Lotus, akwai kuma Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari marar ruwa, da aka fara a 2017, wanda ake shiga da naira 10,000 idan an buɗe sayarwa. Wanda kuma ya zo maka da alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, tambaye shi labarin MMM a 2016 da CBEX a 2025, tsare-tsaren damfara da suka rushe da kuɗin jama'a, ka ga ko zai ƙara zama.